Crank: Kalmar Ingilishi guda mai fuskoki da yawa

Daga ƙarfen da ake murɗawa a tayar da inji zuwa ga mutumin da ya kafe a kan ra'ayin da kowa ya yi watsi da shi, kalmar crank ta yi doguwar tafiya a harshen Ingilishi, kuma har yau tana ba ɗalibai da masu fassara wahala.

Duk wanda ya taɓa kai hatsi injin niƙa da sassafe, kafin a tayar da shi, ya ga abin da Turawa ke kira crank ko da bai san sunansa ba. Shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan da mai niƙa yake sokawa a gefen injin, ya riƙe da hannu ya yi ta juyawa da iyakar ƙarfinsa har sai injin ya kama, sa'an nan ya zare shi. Mariƙin da tela ke juyawa a jikin keken ɗinki na hannu shi ma crank ne, haka nan na garmaho da na gilashin ƙofar tsofaffin motoci.

Wannan ita ce ma'anar farko da kowane ƙamus zai bayar. To amma wanda ya tsaya a kanta kaɗai zai sha mamaki ranar da ya karanta a wata jaridar Landan an kira wani ɗan siyasa crank, ko ya ji wata uwa a Amurka tana cewa yau jaririnta cranky ne, ko kuma ya ga rahoton 'yan sanda cewa an kama wani da crank a aljihu. A misalin farko raini ake nufi, a na biyu rigimar yaro, a na uku kuwa muguwar ƙwaya.

Wani abin lura shi ne, ƙarfen kansa ya kusa ɓacewa daga hannun jama'a a ƙasashen da ke magana da Ingilishi tun lokacin da lantarki ya karɓe aikin murɗawa, amma ita kalmar sai ƙara yin rassa take yi.

Asalin kalmar

Kalmar ta girmi inji nesa ba kusa ba. A tsohon Ingilishi na kimanin shekaru dubu da suka wuce an same ta a cikin sunan wani kayan aikin masaƙa, crancstaef, kuma masana asalin kalmomi sun danganta ta da wani tushe mai nufin abin da ya lanƙwashe ko ya murɗe. Daga wannan tushe ne Jamusanci ya sami kalmar krank, wadda ke nufin marar lafiya, wato wanda ciwo ya tanƙwara. Shi ya sa har yau asibiti a Jamus ake kiransa Krankenhaus.

Ke nan tun da farko hanya biyu ce a gaban kalmar: lanƙwasar ƙarfe ko itace, da kuma lanƙwasar mutum, a jikinsa ko a tunaninsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda shi ma yakan ce wane murɗaɗɗen mutum ne, ko bauɗaɗɗe, alhali igiya ce aka sani da murɗewa, hanya kuma da bauɗewa. Kusan dukkan ma'anonin crank ana iya mayar da su ga ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu.

Yadda ƙarfen ke aiki

Dabarar mai sauƙi ce. Ana samun sanda da ke juyawa a tsakiya, sai a kafa mata wani ɗan hannu da ya fita gefe kamar gwiwa, a sa mariƙi a ƙarshensa. Da zarar an tura mariƙin gaba aka jawo shi baya, sandar za ta yi ta zagayawa. Wato crank yana mayar da motsin kai-da-komo ya koma zagaye, ko kuma ya mayar da zagaye ya koma kai-da-komo, kuma gwargwadon tsawon hannun gwargwadon sauƙin juyawar.

Duk da sauƙinta, dabarar ta ɗauki ɗan Adam lokaci mai tsawo kafin ya ci cikakkiyar moriyarta. An yi amfani da ita a ƙasar Sin zamanin daular Han a jikin na'urar sheƙe hatsi. A garin Hierapolis, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, an gano wani zane na ƙarni na 3 da ke nuna zarton yanka dutse wanda ruwa ke tafiyar da shi ta wannan hanya. A shekarar 1206 kuma injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir, ya kammala littafinsa kan na'urori, inda ya bayyana injunan ɗebo ruwa masu aiki da irin wannan hannu.

A Ingila har rigima aka yi a kansa. A shekarar 1780 wani mutumin Birmingham mai suna James Pickard ya yi rajistar haƙƙin amfani da crank a jikin injin tururi. James Watt, wanda sunansa ya fi shahara a wannan fage, ya ƙi ya nemi izinin Pickard, sai kamfaninsa ya ɓullo da wata dabara ta ƙafafu biyu masu haƙora, ɗaya tana zagaya ɗaya, aka yi mata rajista a shekarar 1781. Da ita suka yi ta aiki har wa'adin Pickard ya cika a shekarar 1794.

A yau kowane injin mota ko babur ko janareta mai fistin yana ɗauke da wannan dabara a cikinsa. Ita ce crankshaft, wadda makanikai suka mayar karanshaf, doguwar sanda mai gwiwoyi da ke karɓar bugun fistin ta mayar da shi zagayen da ke kai ga tayoyi. Akwatin da take kwance a ciki tare da baƙin mai shi ne crankcase. A jikin keke kuwa, ƙarfen nan da ya haɗa feda da faifan sarƙa shi ake kira crank, kuma tsawonsa a yawancin kekunan manya bai wuce santimita 17 ba ko kusa da haka.

Mota da karayar hannu

Babu abin da ya cusa kalmar a bakin talaka kamar mota. A farkon ƙarni na 20 ba a tayar da mota da makulli. Direba kan fito ne ya tsaya a gabanta, ya soka ƙarfe ta ƙasan lagireto, ya murɗa. Aiki ne mai bukatar ƙarfi, kuma mai haɗari. Idan aka manta ba a daidaita lokacin tartsatsin wuta ba, man zai kama tun fistin bai kai sama ba, injin ya juya da baya, ƙarfen ya dawo ya doki mai murɗawa. Shi ya sa ake koya wa direbobi su haɗa babban yatsa wuri guda da sauran yatsu maimakon su damƙe mariƙin, kuma su ja sama maimakon su danna ƙasa. Karayar wuyan hannu ta yi yawa a lokacin har likitoci suka laƙaba wa wani nau'inta sunan karayar direba, sunan da ke cikin littattafan aikin ƙashi har yanzu.

Injiniya Charles Kettering na garin Dayton a jihar Ohio shi ne ya samar da sitata mai aiki da batir wadda ta karɓu, kuma motar Cadillac ta shekarar 1912 ce ta fara fitowa da ita. Kamfanin Ford bai sa ta a shahararriyar motarsa Model T ba sai a shekarar 1919. Duk da haka wasu motocin sun ci gaba da zuwa da ƙarfen murɗawa na ko-ta-kwana shekaru da dama bayan haka, cikinsu har da tsofaffin Land Rover. A Birtaniya an fi kiran wannan ƙarfe starting handle, Amurkawa ne suka fi cewa crank.

Ƙarfen ya tafi, amma aikatau ɗin ya zauna. Har yau idan makaniki mai jin Turanci ya ce mota tana cranking, yana nufin sitata tana juya injin. Bambancin na da amfani ga mai mota: idan ba ta cranking ko kaɗan, akasari batir ko sitata ko wayoyinsu za a duba, idan tana yi amma ta ƙi tashi, sai a koma wajen mai da wuta. Haruffan CCA da ake gani a jikin batirin mota, wato cold cranking amps, suna nuna yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a cikin sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Ma'auni ne da ya fi damun mazauna ƙasashe masu dusar ƙanƙara.

Ƙara murya, buga takardu

Daga wannan aiki na tayar da inji ne aka sami crank up. Da farko yana nufin a murɗa abu ya fara aiki, daga baya ya koma nufin a ƙara masa ƙarfi. Matashi zai ce wa abokinsa crank it up, wato ya ƙure muryar rediyo. Masu rubuta kanun labarai suna son kalmar saboda gajarta ce, don haka ake yawan ganin cewa wata gwamnati ta yi crank up na matsin lamba a kan wata, ko wani kamfani ya yi crank up na yawan kayan da yake ƙerawa. A Hausa “ƙara ƙaimi” ko “tsananta” kan wadatar.

Crank out kuwa yana da ɗan ƙaiƙayi. Ma'anarsa a yi ta fitar da abu da yawa, da sauri, ba tare da an tsaya kyautata shi ba. Tsofaffin malaman makaranta za su tuna injin Gestetner, wanda ake ɗaura masa takardar sitensil a yi ta juya hannu yana amayo takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, duk iri guda. Wannan hoto ne ke cikin maganar. Saboda haka idan aka ce wani marubuci yana crank out na littattafai uku a shekara, an yaba hanzarinsa ne aka kuma soki ingancin aikinsa a numfashi guda, kuma mai fassarar da ya ce “yana wallafa littattafai uku” ya zubar da rabin zancen.

Masu shirya fim su ma sun gaji rabonsu. Kyamarorin farko da hannu ake juya su, kimanin zagaye biyu a daƙiƙa guda. Idan mai ɗauka ya yi sauri fiye da ƙima, hoton kan fito yana tafiya a hankali lokacin nunawa, idan ya yi nawa kuma mutane su riƙa gudu kamar an kora su. Har yau, da kyamarorin da ba su da ko ɗigon mariƙi, ana kiran na farko overcranking, na biyu undercranking.

Wayar tarho ma haka ta faro. Sai an juya ɗan hannu a gefen akwati kafin ƙararrawa ta kaɗa a wurin mai haɗa layi. Ƙauyen Bryant Pond a jihar Maine shi aka sani da zama wuri na ƙarshe a Amurka da ya rabu da irin wannan waya, a shekarar 1983, bayan da wasu mazaunansa suka yi fafutukar a bar musu kayansu.

Hukuncin gidan yari

Akwai wata ma'anar da ta mutu, wadda masu karanta tarihin Ingila na ƙarni na 19 kan ci karo da ita. A gidajen yarin wancan zamani the crank na nufin wata na'urar horo: akwati ne mai mariƙi a waje, a ciki kuma wasu 'yan kofuna ne ke ɗibar yashi suna zubarwa. Fursuna zai tsaya shi kaɗai a ɗakinsa ya juya mariƙin har sau 10,000 a yini, wani agogo a jiki yana ƙirgawa, kuma a wasu gidajen sai ya cika wani adadi kafin a ba shi abinci. Na'urar ba ta niƙa komai, ba ta ɗebo ruwa, an ƙera ta ne musamman domin wahalar ta zama ta banza. Gandiroba na iya ɗaure wani noti ya ƙara mata tauri, kuma ana yawan cewa daga nan ne fursunonin Birtaniya suka sami laƙabin screw da suke kiran gandirobobi da shi. An soke wannan horo a ƙarshen ƙarnin, bayan dokar gidajen yari ta shekarar 1898.

Daga mabaraci zuwa bauɗaɗɗe

Ɗaya hanyar, wato ta lanƙwasar mutum, ita ce ta fi bukatar taka-tsantsan, domin a nan ne kalmar ke taɓa mutunci.

Wajen shekarar 1566 wani mai gonaki a yankin Kent mai suna Thomas Harman ya wallafa ɗan littafi kan dabarun mabarata da 'yan damfara na Ingila. A cikin rukunonin da ya lissafa akwai counterfeit crank, wato mai farfaɗiyar ƙarya. Ya kawo labarin wani Nicholas Jennings, wanda kan shafa jini da taɓo a fuska ya zagaya titunan Landan, kuma ya bayyana yadda irinsu kan sa guntun sabulu a baki domin ya yi kumfa. Da aka bi sawun Jennings aka kama shi, an sami kuɗin da ya ninka ladan lebura na yini sau da yawa, daga bisani kuma aka yi masa bulala a bainar jama'a. A nan crank tana nan kusa da 'yar uwarta ta Jamusanci, wato ciwo.

Ma'anar da aka fi sani a yau, ta mutum mai bauɗaɗɗen ra'ayi, ta bayyana ne a ƙarni na 19, kuma wani kisan gilla ne ya yayata ta. Ranar 2 ga watan Yulin shekarar 1881 Charles Guiteau ya harbi shugaban Amurka James Garfield a wata tashar jirgin ƙasa da ke birnin Washington. Guiteau ya sakankance cewa wani jawabi da ya rubuta ne ya ba Garfield nasarar zaɓe, don haka ya cancanci a naɗa shi ƙaramin jakada a birnin Paris. Da aka yi banza da shi sai ya ce umarni ya zo masa daga sama. Garfield ya rasu ranar 19 ga watan Satumba, aka rataye Guiteau a watan Yunin shekarar 1882, kuma a tsawon shari'ar jaridun Amurka sun yi ta kiransa crank har kalmar ta zama ruwan dare.

Wane ne crank a wannan ma'ana? Ba a nufin mahaukaci tuburan, kuma ba a nufin maƙaryaci, domin shi ya yi imani da abin da yake faɗa. Mutum ne da ya riƙe ra'ayi guda wanda masana fannin suka ƙi, ya mayar da shi abin rayuwarsa, ba ya jin hujja, kuma duk wanda ya musa masa to ko jahili ne ko yana cikin maƙarƙashiya. Duk inda hira ta nufa sai ya jawo ta ga batun nasa. Wasu masana harshe na ganin akwai tasirin akwatin kiɗan nan na masu yawon titi a Turai, wanda ake juya masa hannu yana maimaita waƙa guda daga safe har yamma.

Cibiyoyin ilimi sun daɗe da sanin irin waɗannan mutane. A shekarar 1775 Cibiyar Kimiyya ta Paris ta yanke shawarar daina duba takardun masu cewa sun ƙera injin da zai yi ta aiki har abada ba tare da makamashi ba, da na masu cewa sun gano yadda za a zana murabba'i mai faɗi daidai da na da'ira da rula da kamfas kawai. A shekarar 1882 Bajamushe Ferdinand von Lindemann ya tabbatar da hujjar lissafi cewa wannan na biyun ba zai taɓa yiwuwa ba, amma hakan bai sa wasiƙun sun daina zuwa sassan lissafi na jami'o'i ba.

Sai dai kuma kalmar makami ce, kuma akan sari wanda bai ci ba bai sha ba. Lokacin da Alfred Wegener ya gabatar da ra'ayinsa a shekarar 1912 cewa nahiyoyi a haɗe suke a da can kafin su rabu, yana nuni da yadda gaɓar Brazil ta dace da gaɓar yammacin Afirka, manyan masana ilimin ƙasa da dama sun mayar da shi abin dariya. Ya rasu a Greenland a shekarar 1930, kuma sai a shekarun 1960 binciken ƙarƙashin teku ya nuna cewa a kan babban batun shi ke da gaskiya. Matsalar ita ce kowane crank na gaske ya haddace wannan labari, kuma da shi yake kare kansa, alhali a bayan kowane Wegener guda akwai dubban da aka ƙi su domin kuskurensu a fili yake. Saboda haka idan ɗan jarida ya ga an kira wani crank a rahoto, abin da ya fi dacewa shi ne ya danganta kalmar ga wanda ya furta ta, kada ya ɗauke ta tamkar bayanin da aka tabbatar.

Wasu kuma sun karɓi sunan da hannu biyu. A shekarar 1961 aka buɗe wani gidan abinci a titin Carnaby na Landan wanda ba ya sayar da nama ko kaɗan, a lokacin da ake kallon masu ƙin cin nama a matsayin bauɗaɗɗu, sai masu shi suka raɗa masa suna Cranks. Ana kuma danganta wa masanin tattalin arziki E. F. Schumacher, marubucin Small Is Beautiful na shekarar 1973, wata amsa da yakan bayar idan an kira shi da wannan suna, cewa ai crank ƙaramin kayan aiki ne da ke kawo juyi. A Ingilishi kalma guda ce ke nufin zagayen ƙafar inji da juyin juya hali, kuma an yi sa'a kalmar “juyi” ta Hausa tana ɗaukar duka biyun.

Kafin kalmar fan ta kafu, masu tsananin son wasan baseball a Amurka a shekarun 1880 cranks ake kiransu. Ita ma crank call daga wannan reshe ta fito, wato kiran waya daga wanda ba a sani ba domin tsokana ko tsoratarwa ko ɓata lokaci, kamar mai bugawa ofishin 'yan kwana-kwana ya ce gobara ta tashi alhali ƙarya ne. Ana yawan musanya ta da prank call, ko da yake wannan ta biyun ta fi karkata ga wasa.

Cranky: ya danganta da bakin mai magana

Siffar cranky tana cikin kalmomin da suka raba Amurka da Birtaniya. A bakin Ba'amurke, haka ma a Ostareliya, tana nufin mai saurin fushi ko mai mita, musamman na ɗan lokaci: yaron da bai yi barci ba, ma'aikacin da yunwa ta dama, dattijon da hayaniya ta ishe shi. Kalma ce mai sauƙi, mutum na iya faɗinta a kan kansa. A tsohuwar al'adar Birtaniya kuwa ta fi nufin mai baƙon ra'ayi, wato halin crank, ko da yake fina-finai da talabijin sun sa ma'anar Amurka ta yaɗu a can ma. Akan kuma ce inji cranky ne idan yau ya yi aiki gobe ya ƙi.

Matuƙan jiragen ruwa na da tasu. A wurinsu jirgi crank shi ne wanda nauyinsa ya taru a sama, iska kaɗan ta karkatar da shi. Misalin da aka fi kawowa na irin wannan jirgi shi ne Vasa na ƙasar Sweden, wanda aka lafta wa igwa 64, ya kife a tashar Stockholm a shekarar 1628 a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar kilomita biyu ba. An tsamo shi a shekarar 1961.

A titunan Amurka kuwa crank ɗaya ne daga cikin sunayen ƙwayar methamphetamine, mai hana barci da lalata jiki da ƙwaƙwalwa. Bayanin da aka fi ji shi ne cewa gungun 'yan babur ne ke ɓoye ta a cikin crankcase na baburansu, amma wannan zance ne na baka.

Dawowar mariƙi

Inda lantarki bai wadata ba, hannu bai yi ritaya ba. A shekarar 1991 wani Baturen Ingila mai ƙirƙire-ƙirƙire, Trevor Baylis, ya kalli wani shirin talabijin kan yaɗuwar cutar AIDS a Afirka, inda aka ce tsadar batir na hana saƙonnin faɗakarwa isa ga jama'a ta rediyo. Sai ya haɗa rediyon da ake ɗaure wa wani ƙarfe mai naɗewa da hannu, kamar agogo, yana warwarewa a hankali yana ba da wuta. An nuna shi a talabijin a shekarar 1994, daga baya aka fara ƙera shi a birnin Cape Town. A Amurka ana sayar da dangin wannan rediyo da sunan hand-crank radio, kuma hukumomin agajin gaggawa na shawartar jama'a su ajiye irinsa saboda lokacin guguwa.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. A watan Nuwamban shekarar 2005, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a Tunis, an gabatar da samfurin kwamfutar dala 100 da aka yi niyyar rarraba wa yaran ƙasashe masu tasowa, da mariƙin caji a gefenta. Mariƙin ya ɓalle a hannun babban sakataren majalisar na lokacin, Kofi Annan, kuma kwamfutar da aka ƙera daga baya ta fito ba tare da shi a jikinta ba.

Masunta na kiran wani nau'in kifin roba da ake yaudarar kifi da shi crankbait, domin sai ana naɗe zaren ƙugiya yake yin iyo. Har lissafi ma kalmar ta shiga, ta hanyar raha. Ana iya rubuta lamba 4 a matsayin jimla ta hanyoyi 5, lamba 6 kuma ta hanyoyi 11, kuma masanin lissafin Indiya Srinivasa Ramanujan ya gano wani tsari a irin waɗannan alƙaluma da ya shafi 5 da 7 da 11. A shekarar 1944 Freeman Dyson, yana ɗan shekara 20, ya fito da wani ma'auni da ya kira rank wanda ya dace da 5 da 7 amma ya gaza a kan 11. Sai ya ce lalle akwai wani ma'aunin da ba a gano ba tukuna, ya kuma raɗa masa suna crank tun kafin kowa ya san kamanninsa. George Andrews da Frank Garvan ne suka gano shi, suka wallafa a shekarar 1988, shekaru 44 bayan raɗin sunan, kuma suka bar masa sunan da Dyson ya ba shi.